Hayaƙin jiragen sama: abin da ya kamata ku sani

Jirgin sama kananzir yake sha, sai dai tatacce ne, wanda ake kira Jet A-1. Duk kilo ɗaya da injin ya ƙona yana fitar da fiye da kilo 3 na iskar kabon, domin kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar oksijin. Idan aka tara jiragen duniya duka, kasonsu kashi 2 ne zuwa 3 cikin 100 na kabon ɗin da ɗan Adam ke fitarwa. Za a ga kamar kaɗan ne, amma matafiya kullum ƙaruwa suke. Shi ya sa a 2022 ƙasashen da ke cikin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka ɗaura niyyar cewa nan da 2050 duk kabon ɗin da jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe suka fitar za a rage shi ko a cire kwatankwacinsa daga iska.

Rage hayaƙin a ƙasa, wato a filin jirgi, shi ne mai sauƙi. Wanda ya taɓa hawa jirgi ya san ƙarar nan da ke fitowa daga wutsiyarsa lokacin da fasinjoji ke shiga, alhali manyan injina a kashe suke. Wani ƙaramin inji ne ke ƙona mai don ba da wuta da sanyi a ciki. Idan filin yana da wayar da za a jona wa jirgin, da bututun iska mai sanyi, sai a kashe ƙaramin injin. An yi haka da wutar sola a Mombasa ta Kenya da Duwala ta Kamaru, da tallafin ICAO da Tarayyar Turai. Filin jirgin Kochin na Indiya kuwa tun 2015 ya zama na farko a duniya da sola ke ɗauke da dukkan wutarsa, da faranti sama da 46,000.

Amma fa mafi yawan hayaƙin a sararin sama ake zubar da shi, kuma nan gizo ke saƙa. Batir ya yi nauyi, ba zai ɗauki alhazai daga Kano zuwa Jidda ba. Abin da ake dogaro da shi yanzu shi ne man da ake kira SAF, wanda ake tacewa daga man girki da aka gama suya da shi, da kitsen dabbobi. Idan aka lissafa tun daga haɗa shi har ƙona shi, yana iya rage kabon da kusan kashi 80. A Nuwamban 2023 jirgin Virgin Atlantic ya tashi daga Landan zuwa New York da shi zalla. Matsalar ita ce ya ninka kananzir tsada, kuma a 2024 bai kai kashi 1 cikin 100 na man da jirage suka sha ba. Tarayyar Turai ta wajabta gauraya kashi 2 daga 2025, har ya kai kashi 70 a 2050. Ƙarin kuɗin kuwa a tikiti zai bayyana.

Man SAF ya yi mana nisa a yanzu, amma rana muna da ita har ta yi yawa a Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai. Ya kamata masu kula da filayen jiragenmu su fara da sola, ko don kuɗin dizal da janareta ke cinyewa.