Ƙirƙirarriyar Basira da Tallan Kaya a Kudancin Kaduna

Ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, fasaha ce da ke ba kwamfuta damar yin ayyukan da a da sai mutum ke yin su, kamar rubutu da fassara da zanen hoto. Ta shiga hannun jama'a ne tun daga Nuwamban 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT. Google ya biyo baya da manhajar da yanzu ake kira Gemini, sannan kamfanin Meta ya saka tasa a cikin WhatsApp. Daga nan duk mai babbar waya da ɗan kuɗin data a Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi ya samu abin da zai rubuta masa talla cikin ƙiftawar ido.

Kafanchan ta bunƙasa ne da ciniki tun da ta zama mahaɗar layin dogo a 1927. Yankin da ke kewaye da ita kuwa shi ne cibiyar noman citta a Nijeriya, musamman ƙananan hukumomin Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a, kuma ana yabon cittar wurin saboda zafinta da yawan manta. Ban da ita akwai kurkum da acca da zuma. Masu sayen waɗannan kaya na nesa ne: 'yan sari na Kano da Legas, da masu fitar da kaya zuwa Indiya da ƙasashen Larabawa da Turai. Da yawansu a waya suke fara ganin hajar, don haka rubutun talla ya zama ƙofar ciniki.

Kafin a amfana da wannan fasaha sai an san yadda take aiki. An horar da manhajar ne da ɗimbin rubuce-rubucen intanet, har ta iya hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Wannan ne ya sa maganarta ke fita sumul. Amma ba ta taɓa shiga sito ba, ba ta san nauyin buhu ko farashin kasuwar Kachia na wannan makon ba. Idan aka tambaye ta abin da ba ta sani ba, takan ƙaga amsa mai kama da gaskiya. Matsayinta kamar na sabon yaron shago ne mai daɗin baki wanda bai san kayan ba tukuna: sai maigida ya faɗa masa, ya kuma saurari abin da yake gaya wa mai saye.

Amfaninta a fili yake. Tana taimaka wa manomin da Turancinsa bai yi ƙarfi ba ya rubuta wa mai saye na waje wasiƙa mai tsari. Tana shirya jerin kaya da farashi, tana taƙaita dogon bayani ya dace da Facebook ko WhatsApp, tana kuma tsara amsoshin tambayoyin da ake yawan maimaitawa. Tela da mai gidan abinci da mai sayar da zuma duk za su iya rage wahala da ita.

Ingancin abin da za ta rubuta ya danganta da bayanin da aka ba ta. Wanda ya ce mata kawai ta rubuta tallan citta, zai samu kirari irin wanda kowa ke samu. Wanda ya bayyana cewa busasshiya ce tsagaggiya, girbin bana, daga gari kaza, buhu mai kilo kaza, ga farashi ga wurin lodi, ya kuma faɗi wanda ake so ya karanta, shi ne zai samu tallan da ke jawo ciniki. Bayan nan sai a bi rubutun layi-layi, a goge duk abin da ba mai kayan ne ya faɗa ba.

Amma akwai haɗurra. Na farko shi ne tsohon labari. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kudancin Kaduna, ta lalata amfani mai yawan gaske, iri ya yi wuya, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Manhajar da ta dogara da rubutun shekarun baya za ta iya alkawarta kaya mai yawa a farashin da ya shuɗe. Na biyu shi ne da'awar magani. Abu ne mai sauƙi ta rubuta cewa citta ko zuma na warkar da ciwon suga ko hawan jini, alhali irin wannan ikirari ba ya halatta a talla. Na uku shi ne hoto. Na'ura na iya zana citta fes wadda babu irinta a sito, amma ranar da mota ta sauke kaya, gani ya kori ji. Hoton ainihin buhun, ko da wayar ba ta da tsada, ya fi amfani.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta yaudarar mai saye da bayanin ƙarya. Dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON ta ba ta ikon sa ido a kan tallace-tallace, har da na intanet. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa ɗan kasuwa nauyin tsare sunaye da lambobin waya da na asusun abokan cinikinsa, don haka bai kamata a riƙa zuba su cikin manhaja ba. A duk waɗannan, mai kayan ake tuhuma.

Sai kuma batun harshe. Hausa ce ke haɗa Atyap da Bajju da Ham da Agworok da Fantswam da Hausawa da Fulani a kasuwa, amma Hausar na'ura takan fito da ƙamshin fassara. A harsunan Tyap da Jju da Hyam kuwa rauninta ya fi yawa, domin rubutunsu a intanet kaɗan ne. Yankin na Kirista ne da Musulmi, saboda haka gaisuwar Kirsimeti ko ta Sallah ko ta bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu tana buƙatar ɗan gari ya duba ta kafin a saki.

Ƙirƙirarriyar basira na rage wahalar rubutu, tana kuma kai muryar ƙaramin ɗan kasuwa nesa. Amma amana ce ke dawo da mai saye karo na biyu, ita kuwa na'ura ba ta samar da ita. Duk tallan da mai kaya ba zai iya maimaita shi a gaban buhunsa ba, bai cancanci a tura shi ba.