Kundin Magungunan Asibiti da Amfaninsa

Kundin magungunan asibiti littafi ne da ke ɗauke da jerin magungunan da asibiti ya amince a saya, a ajiye, a kuma rubuta wa majiyyata. A ƙarƙashin kowane magani akan bayyana cutar da yake warkarwa, da gwargwadon abin da babba ko yaro zai sha, da illar da yakan haifar, da kuma waɗanda bai kamata a ba su shi ba, kamar mata masu juna biyu. Kwamiti ne ke tsara shi, wanda ya ƙunshi likitoci da masana harhaɗa magunguna da ma'aikatan jinya.

To, me ya sa za a taƙaita wa likita zaɓi alhali kasuwa cike take da magunguna? Dalilin shi ne yawancinsu abu ɗaya ne da aka canza wa suna. Farasitamol, alal misali, kamfanoni barkatai ke yin sa, kowa da sunan da ya laƙaba masa, irin su Panadol. Mai ciwon da bai san haka ba yana iya haɗa iri biyu ya sha, ya wuce ƙima, ya lahanta hantarsa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Saboda haka kundi yakan yi amfani da sunan magani na asali. Bugu da ƙari, idan magunguna kaɗan ne, ma'aikata za su laƙance su sosai, asibiti kuma ya saye su da yawa a kan rahusa.

Wannan tunani ya samu gindin zama a shekarar 1977, sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna na farko, mai ɗauke da kimanin 200, wanda take sabuntawa duk bayan shekara 2. A 1985 kuma, a wani taro da ta kira a Nairobi, aka fayyace ma'anar amfani da magani bisa hankali, watau majiyyaci ya sami maganin da ya dace da cutarsa, daidai ƙimar da jikinsa ke bukata, na tsawon lokacin da ya kamata, kuma a kan farashi mafi sauƙi. Nijeriya ta kafa dokar jerin muhimman magungunanta a 1989. Duk da haka, hukumar ta ƙiyasta cewa fiye da rabin magungunan duniya ana rubuta su ko sayar da su ba bisa ƙa'ida ba.

Sai dai kundi ba ya amfani in ba a bitarsa. Kulorokwin ya daɗe yana kan gaba wajen maganin zazzaɓin cizon sauro, har ƙwayar cutar ta daina jin sa, aka maye gurbinsa da haɗin magungunan atimisinin a Nijeriya a 2005. Asibitin da bai gyara kundinsa ba a lokacin, ya ci gaba da ba mutane abin da ba ya warkarwa. Haka nan magungunan kashe ƙwayoyin cuta suke rasa ƙarfinsu idan ana ba da su don mura, wadda ba sa yi wa kome.

Wajibi ne, ashe, hukumomin asibiti su ware wa kwamitin kuɗi da lokacin zama, su tabbatar abin da ke cikin kundi yana nan a ɗakin magani. In babu shi, likita zai tura majiyyaci kemis, inda ba mai tabbatar masa da ingancin abin da zai saya.