Jijjigar da ido ba ya gani

A zangonninmu, daga Kumasi har Yawunde, idan yaro mai zazzaɓi ya daina jijjiga ya yi lamo, sai ka ji ana cewa, "Alhamdu lillahi, ta sake shi, barci yake yi." To, ba kullum ba ne haka. Na daɗe ina raka matan unguwarmu asibiti ina yi musu tafinta, kuma a nan na fahimci cewa jiki kan lafa alhali ƙwaƙwalwa tana ci gaba da jijjiga.

An fi ganin wannan ga yaran da suka faɗa doguwar suma, musamman waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa da masu sanƙarau. Likitoci a Kilifi ta Kenya da Blantyre ta Malawi sun yi shekaru suna nazarin lamarin. Alamunsa ƙanana ne: ido ya karkata gefe guda, yatsa ko gefen baki na ɗan motsi, yawu na dalala, numfashi ya rikice. Wani lokaci ma babu ko ɗaya. Idan abin ya daɗe ba a tsayar ba, yana iya yi wa ƙwaƙwalwa lahani.

Abin da ke tona asirinsa shi ne gwajin EEG, wanda wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara yi wa ɗan Adam a 1924. Ana manna ƙananan wayoyi kusan 20 a fatar kai, su ɗauko 'yar wutar lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, kwamfuta ta zana ta layi-layi. Iyaye mata da yawa sun ce mini, "Kada a ja wa ɗana lantarki!" Wallahi na'urar ba ta saka komai, sauraro kawai take yi, kuma babu zafi.

Galibi sai a manyan asibitoci ake samun ta. Sunanta ɗaya ne a Turanci da Faransanci, don haka ko ba ku jin harshen ƙasar, ku ambata wa likita idan yaro ya ƙi farfaɗowa bayan jijjiga.

Kafin a kai asibiti, a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a yi masa ɗure ko hayaƙi. A duba agogo: jijjigar da ta kai minti 5 ba ta jiran a tashi daga kasuwa. Wani ya ɗauki bidiyo da waya, domin zai nuna wa likita abin da baki ya kasa faɗa.

Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.