Faifan Cajin Waya: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

Daga shagunan waya na Tudun Wada har majalisun ɗaliban harabar jami'a ta Kongo, ana ta zancen faifan nan da ake ɗora waya a kansa ta cika ba tare da an soka mata caja ba. Abin da ya fi yawo shi ne wai ya raba mutum da jiran NEPA. Wannan kam babu shi. Faifan yana da igiyarsa, sai an jona shi a soket, ko janareto, ko fawa banki. In Kaduna Electric ta ɗauke wuta, shi ma ya kwanta.

Dabarar tsohuwa ce, tun 1831 Michael Faraday ya gano ta a Ingila. A cikin faifan akwai zaren jan ƙarfe a nannaɗe. Wuta na kai-komo cikinsa, sai ta tayar da ƙarfin maganaɗisu, wani naɗin da ke bayan wayar ya karɓa ya mayar da shi wuta. Tazarar 'yan milimita ce tak. Ka ɗaga wayar, caji ya tsaya. Saboda haka manhajar da ake turawa a WhatsApp wai tana jawo caji daga iska, damfara ce. Manhaja ba ta dasa wa waya jan ƙarfe.

Haka kuma ba kowace waya ba ce ke karɓa. Tsarin da kamfanoni suka amince da shi, Qi, ya fito a 2010. Nokia Lumia 920 ta zo da shi a 2012, Galaxy S6 a 2015, iPhone 8 a 2017, Infinix kuma ta sa shi a Note 30 Pro. Amma yawancin Tecno da itel da ke aljihun mutane ba su da naɗin. Tambayi mai shago, kuma ya gwada a gabanka.

Masu cewa yana kashe batir, su ne suka kusa gaskiya. Wani kaso na wutar yana salwanta a hanya ya koma zafi, ya fi yawa in wayar ta karkace ko rigarta na da kauri, batirin litiyam kuwa zafi ne ke tsufar da shi. A zafin Afrilu, cikin shago mai rufin kwano, wannan ba abin rainawa ba ne. Makulli ko kwabo in ya shiga tsakani yana iya ɗaukar zafi, katin ATM ma a cire shi daga rigar waya. Ga jinkiri: Qi na farko wat 5 ne, Qi2 na 2023 ya kai 15, alhali cajar igiya mai wat 33 ta cika kasuwa.

Batun sankara fa? Mitar da faifan ke aiki da ita ba ta kai ta rediyo mai matsakaicin zango ba, balle ta hoton ƙashi na asibiti, kuma ƙarfin yana dusashewa da an ɗan matsa. Wanda ya kamata ya kiyaye shi ne mai na'urar daidaita bugun zuciya: Apple ta ba da shawarar nisan santimita 15 daga wayar, 30 in tana kan faifan.

A ganina, mai inbata a gida ko wanda bakin cajin wayarsa ya lalace, faifan zai yi masa rana. Mai shagon caji da ke sayen fetur, da wanda wuta ke leƙo masa na awa biyu ta wuce, su riƙe igiyarsu.