Ƙwayar ciwon jiki: kahin abinci ko bayan abinci?

Ɗan uwa manomi, lokacin noman hatsi ya zo. Kana hita gona tun da asuba, ka yini duƙe. Da marece baya na ciwo, kai na sarawa, sai ka nemi ƙwaya. Wani kuma yana haɗiye ta da sahe, cikinsa wayam, don ya samu ƙarhin aiki. To, ka sani ƙwayoyin ciwon jiki ba iri ɗaya ba ne. Kashi biyu ne, kowane da dokarsa.

Farasetamol

Wannan ba ya cin ciki. Kana iya shan shi ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Haɗarinsa yana wajen yawa, domin hanta ce ke aikinsa. Babban mutum yana shan ƙwaya 1 ko 2 mai miligaram 500, ya dakata awa 6 kahin ya ƙara. Kada ka wuce ƙwaya 6 a yini da dare, sai in likita ya ce. Wanda ya zarce yana iya ɓata hantarsa, kuma wataƙila ba zai ji komi ba a ranar farko.

Asfirin, ibuforofen da dikulofenak

Waɗannan ukku dangi ɗaya ne. Cikin tumbin mutum akwai ruwa mai tsami da ke narkar da abinci. Akwai kuma wani yauƙi da ke shahe bangon tumbi, kamar yaɓen da ke tsare rumbu daga ruwan sama. Waɗannan ƙwayoyi suna rage yauƙin nan. In ya ragu, tsamin ya taɓa nama, sai zahin ciki, daga nan gyambo.

Saboda haka kada ka sha su ciki wayam. Ka ci tuwo, ko ka sha hura ko nono, sa'an nan ka haɗiye ƙwayar da moɗa guda ta ruwa. Shayi da goro ba abinci ba ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Amma ka lura: abinci yana rage zahin ciki, ba ya hana gyambo gaba ɗaya, domin maganin yana bin jini ya komo ga tumbi. Wanda ke shan su kullum, ko da tuwo ne, yana cikin haɗari. Kuma in ka yi zuhwa da yawa cikin rana ba ka sha ruwa ba, suna wahalar da ƙoda. Mai azumi ya bari sai ya sha ruwa ya ci abinci.

Wa bai kamata ya sha su ba?

Mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda. Mace mai ciki, musamman daga wata na 6. Yaro mai masassara kada a ba shi asfirin. Kada kuma ka haɗa biyu daga cikin ukkun nan lokaci guda. Ƙwayoyin tebur na kasuwa sau da yawa haɗin magani biyu ne ko ukku cikin ƙwaya ɗaya: ka karanta sunan da ke jikin takarda. Kai da ka yi yaƙi da jahilci, ka karanta ma maƙwabcinka.

Yaushe za ka tahi likita?

In ka ga kashinka ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ka yi aman jini, ka bar ƙwayar, ka tahi ran nan. In masassara ce, a gwada jininka, domin ƙwayar ciwon jiki tana saukar da zahi amma ba ta kashe cutar sauro. In ciwon ya wuce kwana 3, malamin asibiti ya duba ka.

Gona tana jiran mai lahiya. Allah ya ba mu lahiya da damana mai albarka.