Ujiji: Karanta Wuraren Tarihin Wani Gari a Bakin Tafkin Tanganyika

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wuraren tarihin Ujiji, wani tsohon gari a yammacin Tanzaniya. Ta nuna cewa abin da aka gina wa dutsen tunawa a garin, wato haɗuwar Turawa biyu a 1871, ɗan gutsure ne na tarihinsa. Sauran yana cikin bishiyoyi da unguwanni da harshen mutanen garin, kuma mai ziyara ba zai gan shi ba sai ya san abin da yake nema.

1.0 Gabatarwa

Ujiji yana gaɓar gabas ta Tafkin Tanganyika, 'yan kilomitoci kudu da Kigoma. Tsawon tafkin ya zarce kilomita 670, zurfinsa kuma ya kai kimanin mita 1,470, don haka babu tafkin da ya fi shi zurfi a duniya sai Baikal na Rasha. Ƙasashe huɗu ne suka kewaye shi: Tanzaniya da Kwango da Burundi da Zambiya. A ƙarni na 19 Ujiji shi ne babban zangon da ayarin fatake daga gaɓar Tekun Indiya suke sauke kaya kafin su haye ruwa zuwa ƙasar Manyema a gabashin Kwango. Galibin baƙin da suke zuwa garin a yau wuri ɗaya suke tambaya, su ɗauki hoto su koma Kigoma. Manufar wannan rubutu ita ce bin wuraren ɗaya bayan ɗaya, tare da bayyana abin da kowanne yake faɗa da abin da ya yi shiru a kai.

2.0 Dutsen Tunawa da Livingstone

Wurin da ya fi shahara shi ne inda Henry Morton Stanley, wakilin jaridar New York Herald, ya tarar da David Livingstone. Ranar da Stanley ya bayar ita ce 10 ga Nuwamba 1871. A farfajiyar akwai dutsen tunawa da aka kafa a zamanin mulkin Ingila, da ɗan gidan tarihi mai zane-zane da mutum-mutumin mutanen biyu, da bishiyoyin mangwaro waɗanda ake cewa an auro su daga bishiyar da aka yi haɗuwar a ƙarƙashinta. Akwai kuma alamar tunawa da Richard Burton da John Speke, waɗanda suka iso tafkin a Fabrairun 1858.

Abu na farko da ya kamata mai ziyara ya lura da shi shi ne nisan wurin daga ruwa. A 1871 gaɓar tana kusa da nan. Wajen 1878 kogin Lukuga, wanda ta nan tafkin yake malala zuwa kogin Kwango, ya ɓalle shingen da ya toshe shi, ruwan ya ja baya. Ke nan ƙasar da ake takawa daga dutsen zuwa bakin ruwa ita kanta shaida ce.

Abu na biyu shi ne waɗanda dutsen bai ɗaukaka ba. Livingstone ya iso Ujiji a Oktoban 1871 a galabaice, bayan ya ga kisan da 'yan bindigar fatake suka yi wa jama'a a kasuwar Nyangwe a watan Yuli, ya kuma tarar an sayar da guzurin da aka aiko masa. Da taimakon barorinsa da wasu fataken garin ya rayu. Daga cikin jagororin ayarin Stanley akwai Sidi Mubarak Bombay, mutumin ƙabilar Yao da aka kama tun yana yaro aka kai Indiya bauta, wanda kuma shi ne ya raka Burton da Speke shekaru 13 kafin nan. Susi da Chuma kuwa su ne suka jagoranci ɗaukar gawar Livingstone a 1873 daga ƙauyen Chitambo har zuwa Bagamoyo. Hanyar da Turawa suka ce sun gano, waɗannan mutane da dubban 'yan dako na Nyamwezi sun daɗe da sanin ta.

3.0 Jerin Bishiyoyin Mangwaro

A bayan gari akwai tsofaffin bishiyoyin mangwaro da suka jeru a kan tsohuwar hanyar ayari, wadda ta tashi daga Ujiji ta bi ta Tabora ta ƙare a Bagamoyo, tafiyar da ta haura kilomita 1,200. A 2006 Tanzaniya ta sanya wannan hanya cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Ta nan aka riƙa fitar da hauren giwa da bayi, ana shigo da yadi da duwatsun wuya da bindigogi.

Bakin mutane ya rabu biyu kan asalin bishiyoyin. Wasu sun ce sun tsiro ne daga ƙwallayen da bayi da 'yan dako suka yar a hanya, wasu kuma sun ce fatake ne suka dasa su domin inuwa da abinci. Ga manazarcin adabin baka, kowace ruwaya tana da aikinta: ta farko tana ajiye ciwon waɗanda aka kora, ta biyu tana ajiye sunan waɗanda suka ci riba. Mangwaro kuwa asalinsa daga kudancin Asiya ne, saboda haka kasancewarsa a tsakiyar Afirka alama ce ta cinikin Tekun Indiya.

4.0 Garin Kansa

'Yan ƙasa a wannan yanki su ne Wajiji, reshen al'ummar Ha. A kansu ne fataken Suwahili da Larabawa suka zauna, daga cikinsu har da Mwinyi Kheri wanda ya zama jagoran baƙin. Daga baya mutanen Manyema, bayi da 'yantattu, suka yawaita. Wannan cuɗanya ce ta sa Ujiji ya zama garin Musulmi mai magana da Suwahili, nesa ƙwarai da teku, kuma ta wannan hanya harshen ya haye zuwa gabashin Kwango. Kasuwar garin ta shahara da manja da gishirin Uvinza da busasshen ƙananan kifin da ake kira dagaa, wanda har yanzu ake shanyawa a bakin ruwa. Duk wanda ya san tarihin zangunan Hausawa a kan hanyar goro zuwa Gwanja, musamman Salaga, zai gane wannan tsari: baƙon ɗan kasuwa ya sauka, harshensa ya zama na ciniki, bauta kuma tana cikin kayan.

5.0 Kigoma da Abin da Ya Rage Ujiji

Ziyarar ba ta cika sai an duba tashar jirgin ƙasa ta Kigoma, ginin Jamusawa. Layin dogon da aka fara daga Dar es Salaam a 1905 ya iso nan a 1914. An zaɓi Kigoma saboda gaɓarta ta fi dacewa da manyan jiragen ruwa, daga nan ciniki ya ƙaura, Ujiji ya tsaya yadda yake. Jirgin ruwan Liemba, wanda aka ƙera a Jamus a 1913 aka harhaɗa a Kigoma, Jamusawa suka nutsar da shi a 1916, Ingilishi suka ciro shi ya koma aiki a 1927, ɗan wannan zamani ne.

6.0 Kammalawa

Tarihin Ujiji yana da muryar cikin gida a rubuce. Hamed bin Muhammad, wanda aka fi sani da Tippu Tip, babban ɗan kasuwar hauren giwa da bayi da ya bi wannan hanya, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Suwahili cikin haruffan Larabci, Heinrich Brode ya buga shi a 1902 da 1903 a mujallar makarantar harsunan gabas ta Berlin. A wannan mujalla ce Adam Mischlich ya buga rubuce-rubucen Hausa da ya samu daga Imam Umaru na Kete Krachi 'yan shekaru bayan haka. Kwatanta waɗannan rubuce-rubucen ajami guda biyu aiki ne da ya dace da sassan nazarin Hausa, domin duka sun fito daga duniyar ayari, kuma duka sun bi ta hannun jami'in gwamnatin Jamus kafin su iso gare mu. Amma ko su ma muryar masu rubutu ce da masu dukiya. Ta waɗanda aka ɗaure aka bi da su ƙarƙashin mangwaron nan tana bakin jikokinsu a unguwannin Ujiji, kuma can ya kamata mai ziyara ya fi daɗewa.