Halayen Babbar Lamba: Misali da 9,401,288

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa Jihar Kano na da mutum 9,401,288. Ga ma'aikacin gwamnati wannan adadi ne na tsara makarantu da asibitoci. Ga masanin lissafi kuwa lamba ce mai halaye nata, kuma ana iya gano su ba tare da kwamfuta ba.

Da farko ana duba ƙarshenta. Tun da ta ƙare da 8, cika ce, ba mara ba. Alƙalumanta biyu na ƙarshe, wato 88, suna rabuwa da 4, saboda haka ita ma tana rabuwa da 4. Da za a raba littattafai masu wannan yawa daidai wa daida ga ƙananan hukumomi huɗu, wato Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kowacce za ta sami 2,350,322, babu saura. Amma in aka ce a raba wa ƙananan hukumomi 44 na jihar, sai 28 su yi saura.

Dalilin haka yana cikin tubalan lambar. Akwai lambobin da ba sa rabuwa da kowace lamba sai 1 da su kansu, kamar 2, 3, 11 da 13. Waɗannan su ne gagara-rabo, kuma da su ake gina sauran lambobi ta hanyar ninkawa. Idan aka warware 9,401,288 sai a sami 2 × 2 × 2 × 13 × 90,397, ita ma 90,397 gagara-rabo ce. Tun da 44 ita ce 4 sau 11, kuma babu 11 cikin tubalan, dole rabon ya bar saura. Daga tubalan nan kuma ake gane cewa lambobi 16 ne kacal ke raba ta.

Akwai wani tsohon rabe-rabe na Nikomakus, masanin Girkawa na wajen shekara ta 100 Miladiyya, wanda Sabit ɗan Ƙurra ya fassara littafinsa zuwa Larabci a ƙarni na 9. Ana tara duk lambobin da ke raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da ita, kamila ce, kamar 6 da 28. In ta gaza, mai giɓi ce. In ta zarce, mai rara ce. A nan jimlar ita ce 9,582,292, don haka wannan lamba mai rara ce.

Wannan ilmi ba na jarrabawa kaɗai ba ne. Ninka gagara-rabo biyu manya abu ne mai sauƙi, amma warware sakamakon zuwa tubalansa aiki ne ja. A kan wannan wahala aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977, wanda ake kare bayanan banki da shi a intanet.

Ɗalibi na iya gwadawa da lambar 2006: ya nemo tubalanta uku, sannan ya tantance ko mai giɓi ce ko mai rara.